Cibiyar ƙwayar halitta: Abin da ke ba ta tauri da siffa, da abin da likitoci ke karantawa a cikinta

Cibiyar ƙwayar halitta, wadda masana kimiyya ke kira nukiliyos, ita ce ɗan ƙunshin da ke cikin ƙwayar halitta inda ake ajiye DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. An daɗe ana kallon ta a matsayin ma'ajiya kawai. Amma binciken da aka yi daga shekarun 1990 zuwa yau ya nuna cewa tana da tauri da laushi irin nata: tana lotsawa, tana miƙewa, tana komawa yadda take, wani lokaci kuma tana yagewa. Abubuwa biyu ne ke tsara wannan hali: kiromatin da ya cika cikinta, da rigar da ta lulluɓe ta daga waje.

Batun ya shafi aikin asibiti na yau da kullum. Ma'aikacin ɗakin gwaji a Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa, ko a Keffi da Akwanga, idan ya shafa ɗigon jini a kan gilashi ya sa a ƙarƙashin madubin likita, siffar cibiya na cikin manyan abubuwan da yake karantawa. Da ita yake bambanta nau'o'in fararen ƙwayoyin jini, da ita kuma likitan da ke duba samfurin tsoka yake bambanta ƙari mai lafiya da sankara.

Girmanta da matsayinta

Jikin baligi na ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Ana auna su da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Faɗin cibiya yawanci yana tsakanin maikuromita 5 zuwa 10, kusan kashi ɗaya bisa goma na kaurin silin gashin kai.

Masanin tsirrai ɗan Sikotland, Robert Brown, shi ne ya raɗa mata suna a 1831, bayan ya lura da ita a ƙwayoyin wasu furanni. A 1869 kuma Friedrich Miescher, ɗan Suwizalan da ke aiki a Tubingen ta Jamus, ya tattaro fararen ƙwayoyin jini daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata, ya fitar da wani sinadari daga cibiyoyinsu. Wannan sinadari shi ne daga baya aka sani da DNA.

A cikin ƙwayar halittar mutum, cibiya ce ta fi kowane ɓangare girma, kuma ita ce ta fi tauri. Awo daban-daban sun nuna cewa taurinta ya ninka na sauran abin da ke kewaye da ita sau biyu zuwa sau goma, gwargwadon irin ƙwayar. Wannan ya sa duk inda ƙwaya za ta kutsa, cibiyarta ce ke yanke hukuncin ko za ta wuce ko za ta maƙale.

Kiromatin: abin da ke ciki

Idan aka warware DNA ɗin da ke cikin ƙwaya guda aka haɗa shi baki da baki, tsawonsa zai kai kusan mita 2, a rabe cikin kuromosom 46. Da za a faɗaɗa cibiya sau 10,000 ta kai girman lemo, zaren zai kai kilomita 20, kusan nisan Lafia zuwa Doma, kuma duk da haka bai kai silin gashi kauri ba.

Zare mai wannan tsawo ba zai zauna a ɗan wuri ba tare da tsari ba. Don haka yana nannaɗe ne a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar yadda ake naɗe zare a kwarkwaro. Kowane naɗi ya ƙunshi histon 8 da gaɓoɓin DNA 147, tsarin da Roger Kornberg na Amurka ya fara bayyanawa a 1974. Haɗin DNA da waɗannan furotin shi ake kira kiromatin. Walther Flemming na Jamus ne ya ƙirƙiro sunan wajajen 1880 daga kalmar Girkanci mai nufin launi, saboda yadda abin yake shan rini sosai.

Wannan shan rini shi ne tushen gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake yi da madubin likita. Idan aka rina jini da rinin Giemsa, ƙwayar cutar takan bayyana a cikin jar ƙwayar jini kamar ɗan zobe mai shuɗi da ɗigo ja a gefensa. Wannan ɗigo ja kiromatin ɗin ƙwayar cutar ne, kuma ma'aikacin gwaji ba ya tabbatar da cewa cuta ya gani sai ya ga ɗigon.

Kiromatin iri biyu ne, kamar yadda Emil Heitz ya rarrabe su a 1928. Akwai sassauƙa, wanda ke a buɗe, inda ƙwayoyin gadon da ke aiki suka fi yawa. Akwai kuma dunƙulalle, wanda ke a matse, inda aka kulle ƙwayoyin gadon da ba a buƙata. Dunƙulallen yakan taru ne a gefen cibiya, ya manne da rigarta. Ƙananan alamomin sinadari da ake liƙa wa histon ko a cire musu su ne ke sa wani sashe ya buɗe ko ya dunƙule. Saboda haka yanayin kiromatin ba dindindin ba ne. Ƙwaya na iya sauya shi.

Rigar cibiya

Rigar cibiya fata ce mai ninki biyu, da ɗan fili siriri a tsakaninsu. A jikinta akwai ƙofofi 'yan dubbai waɗanda saƙonni ke fita ta cikinsu, furotin kuma su shiga. Fatar ita kaɗai ba ta da wani ƙarfi, domin da kitse aka yi ta, kuma kaɗan za a ja ta ta yage.

Ƙarfin rigar yana cikin wata raga da ke shimfiɗe a ƙarƙashin fatar ta ciki, wadda aka saƙa da furotin mai suna lamin. Lamin iri biyu ne. Akwai rukunin A, wato lamin A da lamin C, waɗanda ƙwayar gado guda mai suna LMNA ke samarwa. Akwai kuma rukunin B, wato B1 da B2, waɗanda ake samu a kusan kowace ƙwaya mai cibiya. A 2017 masu bincike a Jami'ar Zurich sun ɗauki hoton ragar a daskare, suka gano cewa kaurin kowane zarenta nanomita 3.5 ne kacal, wato bai kai ninki biyu na kaurin zaren DNA ba.

Ragar tana da aiki ta fuska biyu. Ta ciki, tana riƙe da dunƙulallen kiromatin, har kimanin kashi ɗaya bisa uku na DNA na iya kasancewa manne da ita. Ta waje kuma akwai wasu furotin da suka ratsa fatar biyu kamar ƙugiyoyi, suka haɗa ragar da zaruruwan da ke tallafe da jikin ƙwaya gaba ɗaya. A 1997 Donald Ingber da abokan aikinsa a Harvard sun ja fatar ƙwaya daga waje da ɗan tsinken gilashi, sai suka ga cibiyar da ke can ciki ta karkata ta bi wajen da aka ja. Ma'anar wannan ita ce duk motsin da jiki ya yi, na tsoka ne ko na bugun zuciya, yana isa har cikin cibiya.

Yadda suka raba aiki

Shekaru da dama an ɗauka cewa lamin ne kaɗai ke ba cibiya ƙarfi. Dalili kuwa shi ne binciken da Jan Lammerding da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, wanda ya nuna cewa ƙwayoyin ɓerayen da aka hana wa lamin A da C suna da cibiyoyi masu rauni, waɗanda ke saurin lalacewa idan aka miƙe su. Kiromatin kuwa ana kallon sa kamar ruwa mai kauri da ke cike da jaka.

Wannan fahimta ta sauya a 2017, lokacin da Andrew Stephens da John Marko da abokan aikinsu a Jami'ar Northwestern ta Amurka suka ciro cibiya guda daga ƙwaya, suka kama ta da tsinken gilashi biyu, suka riƙa ja a hankali suna auna turjiyarta. Sun gano matakai biyu. Idan ja kaɗan ne, wanda bai kai kashi 30 cikin 100 na tsawon cibiyar ba, kiromatin ne ke turjewa, kuma yana yin haka ne kamar roba mai komawa wurinta. Idan ja ya wuce nan, sai ragar lamin A ta karɓi aikin, kuma tana ƙara tauri ne gwargwadon yadda ake ƙara jan ta.

Matashin kai da aka cusa wa audugar rimi ya isa misali. Idan aka danna shi da yatsa, audugar ce ke turjewa ta kuma mayar da shi yadda yake. Idan mutum biyu suka kama gefe da gefe suka ja da ƙarfi, ƙyallen da ɗinkinsa ne za su hana shi rabewa. Matashin da audugarsa ta yi sako-sako yakan lotse ko da ƙyallensa sabo ne.

A 2018 waɗannan masu bincike sun gwada wannan kai tsaye. Da suka ba ƙwayoyi magungunan da ke sassauta kiromatin, cibiyoyin sun yi laushi, suka fara fitar da ƙullutu a gefe, wasu suka fashe, alhali ba a taɓa lamin ɗinsu ba. Da suka ba da magungunan da ke ƙara dunƙule kiromatin, cibiyoyin sun yi tauri, siffarsu ta daidaita. Wannan ya tabbatar da cewa karkatacciyar cibiya na iya zama alamar matsala a riga, ko a kiromatin, ko a ɗaurin da ke tsakaninsu.

Tauri gwargwadon gaɓa

Ba duk cibiyoyin jiki ne taurinsu ya zo ɗaya ba. A 2013 ayarin Dennis Discher na Jami'ar Pennsylvania ya auna yawan lamin a gaɓoɓi daban-daban, ya gano cewa lamin A na ƙaruwa ne tare da taurin gaɓar. Ƙwaƙwalwa da ɓargo da kitse suna da shi kaɗan, yayin da tsoka da zuciya da guringuntsi da ƙashi ke da shi da yawa. Gaɓar da ke shan matsi da ja kullum ita ce ta fi buƙatar kare DNA ɗinta. Zuciya kaɗai na bugawa kusan sau 100,000 a yini, kuma kowane bugu yana matse cibiyoyin ƙwayoyinta.

Ƙwayoyin farko na ɗan tayi, waɗanda ba su riga sun zama wata gaɓa ba, suna da lamin A kaɗan da kiromatin a buɗe, don haka cibiyoyinsu na da laushi. Suna ƙara tauri ne yayin da kowace ke kama aikin da za ta yi. A ɗaya ƙarshen kuma akwai ƙwayar maniyyi, wadda ke cire yawancin histon ɗinta ta maye gurbinsu da wasu ƙananan furotin, har DNA ɗinta ya dunƙule fiye da na kowace ƙwaya a jiki, kanta ya zama ƙarami mai tauri.

Akwai ma inda tsarin kiromatin ya zama kayan gani. A 2009 masu bincike a Munich sun gano cewa a idon dabbobin da ke yawon dare, kamar kyanwa da ɓera, ƙwayoyin da ke karɓar haske sun juya tsarin: dunƙulallen kiromatin ya koma tsakiya maimakon gefe. Hakan na rage warwatsuwar haske a cikin ido. Daga baya aka gano cewa waɗannan ƙwayoyi sun daina yin furotin biyun da ke ɗaure kiromatin a jikin riga.

Darasi daga jini

Jini ne wurin da wannan batu ya fi fitowa fili. Jar ƙwayar jini faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 ne, amma tana bi ta ƙananan jijiyoyin da ba su kai ta faɗi ba, kuma a cikin saifa tana kutsawa ta tsagar da ba ta wuce maikuromita 1 zuwa 2 ba. Mafitar da jikin mutum da na sauran dabbobi masu shayarwa ya samu ita ce zubar da cibiyar baki ɗaya. Tun tana cikin ɓargo, ƙwayar takan dunƙule kiromatin ɗinta tamau, sannan ta tura cibiyar waje. Tun da jajayen ƙwayoyi sun fi kashi 80 cikin 100 na adadin ƙwayoyin jiki, mafi yawan ƙwayoyin mutum ba su da cibiya. Jinin kaza da kifi da ƙadangare kuwa yana nan da cibiyoyinsa.

Wani lokaci ɗan guntun cibiya yakan rage a cikin jar ƙwaya, kuma saifa mai lafiya ce ke tsince shi. Ga mai cutar sikila, saifa takan lalace tun ƙuruciya saboda yawan toshewar jijiyoyinta, sai waɗannan guntaye su riƙa bayyana a gwajin jini kamar ƙananan ɗigogi masu duhu. Ganin su na nuna wa likita cewa saifa ta daina aiki yadda ya kamata, kuma yaron na cikin haɗarin kamuwa da cututtuka masu tsanani. Ita kanta sikila matsala ce ta furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, amma wannan alama tata daga cibiya ta fito. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara, kuma Asibitin Tarayya na Keffi na cikin asibitoci shida da Gwamnatin Tarayya ta ware wa sashe na musamman don kula da ita.

Fararen ƙwayoyin jini ba za su iya zubar da cibiya ba, domin suna buƙatar ta. Nau'in da ya fi yawa a cikinsu, niyutirofil, wanda shi ne ke fara isa wurin rauni, ya bi wata hanya: ya rage lamin A sosai, ya kuma raba cibiyarsa gida uku zuwa biyar da siririn zare a tsakani, kamar 'ya'yan carbi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka tilasta wa irin waɗannan ƙwayoyi yin lamin A da yawa, sukan yi nawa wajen wucewa ta ƙananan ƙofofi. Adadin rabe-raben ma saƙo ne. Idan suka kai shida ko fiye, alama ce ta ƙarancin folik asid ko bitamin B12, abin da ake sa wa ido musamman ga masu juna biyu da masu sikila.

Sankara da siffar cibiya

Tun ƙarni na 19 likitoci suka lura cewa cibiyar ƙwayar sankara daban take: ta fi girma, ta fi duhu, gefenta a karkace, kiromatin ɗinta kuma a cure ba bisa tsari ba. A kan wannan George Papanicolaou, likita ɗan asalin Girka da ya yi aiki a New York, ya gina gwajin bakin mahaifa da ake kira da sunansa. Ya fara gabatar da shi a 1928, ya kuma samu karɓuwa bayan littafin da ya wallafa tare da Herbert Traut a 1943. Ƙwayar da cutar HPV ta shiga takan nuna cibiya mai yamutsewa da farin fili a kewaye, shekaru kafin sankara ta kafu.

Gwajin da ya fi sauƙin samu a asibitoci da dama na Nijeriya, wanda ake shafa ruwan tsami na binega mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a bakin mahaifa a duba da ido, shi ma da cibiya ya dogara. Ƙwayoyin da suka fara lalacewa suna da manyan cibiyoyi cike da furotin, ruwan tsamin kuma yana daskarar da furotin ɗin na ɗan lokaci, sai wurin ya yi fari.

Taurin cibiya na da hannu a yaɗuwar sankara. Kafin ƙwaya ta bar inda ta tsiro ta shiga jini, dole ta kutsa ta tsakanin zaruruwan tsoka. A 2013 Katarina Wolf da Peter Friedl na Nijmegen ta ƙasar Holan sun nuna cewa ƙwaya na tsayawa cik idan ƙofa ta yi ƙanƙantar da za ta matse cibiya zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na filin da fuskarta ke ci a asali. Sauran jikin ƙwayar kan wuce, cibiyar ta maƙale a baya. Ƙwayar da ke da ƙarancin lamin A ta fi saurin wucewa, amma kowane allazi da nasa amanu: ita ce kuma ta fi saurin mutuwa a hanya.

A 2016 ayari biyu, na Lammerding a Jami'ar Cornell da na Matthieu Piel a Paris, sun ga abin da ke faruwa a irin wannan ƙunci. Rigar cibiya takan yage, abin ciki da na waje su gauraya, DNA ya samu karaya, sannan wasu furotin su zo su ɗinke yagar. Ƙwayar da ta tsira bayan irin wannan rauni na iya ɗaukar sabbin kurakurai a DNA ɗinta, abin da masana ke ganin yana iya ƙara wa sankara tsanani.

Cututtukan da ke tasowa daga riga

An gano cututtuka fiye da goma da ke da nasaba da kuskure a ƙwayar gadon LMNA. A 1999 aka danganta ta da wani nau'in shanyewar tsoka mai suna Emery-Dreifuss, wanda ke sanƙarar da gwiwar hannu da agara da wuya tun ƙuruciya, da kuma wani ciwon zuciya na gado da ke sa zuciya ta buɗe ta yi rauni, bugunta ya rikice. Kuskuren na cikin kowace ƙwaya ta jiki, amma tsoka da zuciya ne suka fi shan wahala. Ɗaya daga cikin manyan bayanan da masana ke bayarwa shi ne su ne gaɓoɓin da cibiyoyinsu suka fi shan matsi. Ɗayan kuma shi ne lalacewar raga na rikita yadda ake buɗewa da kulle ƙwayoyin gado. Bayanan biyu ba sa karo da juna.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce furojeriya, cutar tsufa da wuri, wadda Jonathan Hutchinson ya fara bayyanawa a Ingila a 1886. A 2003 masu bincike a Amurka da Faransa suka gano cewa sauyin harafi ɗaya a LMNA ne ke haddasa ta. Sauyin na samar da gurɓataccen lamin A wanda ke maƙalewa a jikin fata, ragar ta yi kauri ta sanƙare, dunƙulallen kiromatin ya ragu, cibiya ta yamutse. Ana haihuwar yaro lafiya lau, amma cikin shekara biyu sai girma ya tsaya, gashi ya zube, jijiyoyin jini su fara tauri. Cutar na samun kimanin jariri ɗaya cikin miliyan 4 zuwa 8, kuma ba tare da magani ba matsakaicin rayuwa bai wuce shekara 14 zuwa 15 ba. Ontlametse Phalatse ta Afirka ta Kudu, wadda ta yi fice wajen wayar da kan jama'a game da cutar, ta rasu a Afrilun 2017 tana da shekara 18. A Nuwamban 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da lonafarnib, magani na farko da ke ƙara wa masu cutar kwana, ko da yake ba ya warkar da ita.

Cibiya na jin matsi

Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa cibiya na mayar da martani ga abin da ya same ta. A 2020 ayari biyu a Turai sun wallafa cewa ƙwaya na amfani da cibiyarta kamar ma'auni. Rigar cibiya na da 'yan naɗe-naɗe. Idan aka matse ƙwaya har naɗe-naɗen suka miƙe, sai wani sinadari ya farka ya umarci ƙwayar ta tsuke jikinta ta fice daga wurin. A wannan shekarar kuma Sara Wickström da abokan aikinta sun nuna cewa idan aka ja ƙwayoyin fata, sukan sassauta dunƙulallen kiromatin ɗinsu na ɗan lokaci, cibiya ta yi laushi ta shanye ƙarfin, DNA ya tsira daga karaya. Ke nan a wani hali tauri ne kariya, a wani halin kuma laushi.

Abin da ya shafi jama'a

Kayan da ake auna taurin cibiya da su masu tsada ne, kuma har yanzu na ɗakunan bincike ne, ba na duba majinyata ba. Sai dai karanta siffarta ba ya buƙatar fiye da madubin likita da rini da gilashi da ƙwararren ido. Horar da irin wannan ido na cikin ayyukan da ke gaban makarantu kamar Jami'ar Tarayya ta Lafia, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 an samu mata kimanin 12,000 da suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu. A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Nijeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin jerin alluran da ake yi kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Nasarawa na cikin jihohin zangon farko. Burin hukumar shi ne zuwa 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata rigakafi kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 cikin 100 na mata a shekara 35 da kuma 45, a kuma yi wa kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da matsala magani. Sauyin da ke faruwa a cibiyar ƙwayoyin bakin mahaifa yakan ɗauki shekara 10 zuwa 20 kafin ya zama sankara, kuma a duk tsawon wannan lokaci ana iya ganin sa a gwaji, a kuma magance shi.